Zanen Ƙauyen Faransa a Bangon Falo: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Masu sayar da kayan ƙawata gida sun cika intanet da zanen ƙauyukan Faransa na su Monet, Pissarro da Sisley, mutanen da suka fara baje kolin aikinsu tare a Paris a 1874. Iri uku ake sayarwa, kuma farashinsu ya yi hannun riga.

Fosta ta takarda ba sai mun ɓata lokaci a kanta ba, rana tana dukanta launinta ya koɗe. Kwafin da ake zanawa da hannu, wanda yawanci daga Dafen ta ƙasar Sin yake fitowa, sa'a ne: wani ya yi kyau, wani kogin cikinsa ya fito kamar an zuba bula.

Ni dai bugu a kan kyallen kambas nake so, da tawada mai jure haske. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki hotunan irin waɗannan zane kyauta a shafinsa na intanet tun 2017, manya, tar da su. A can za ka sami gadar Villeneuve-la-Garenne da Sisley ya zana a 1872: kogin Seine, fararen gidaje a bakin ruwa, sama shuɗi, hasken rana yana wasa a kan ruwan. Sauke shi, ka kai wa mai buga hoto da ka yarda da aikinsa. Ka ce ya bar tsawo da faɗi yadda suke, domin wasu sukan ja hoton ya cika firam har gidajen su yi ƙiba. A sa gilashi kuma saboda ƙurar hunturu.

Sai batun 'yan damfara. An taɓa sayar mini da bugun inji da sunan aikin hannu, an shafa masa wani farin danƙo a sama don ya yi tudu-tudu kamar sawun burushi. Gane shi ba wuya. Haska fitilar waya daga gefe: a zanen hannu tudun fenti yana bin launi, a na jabu kuwa sawu ɗaya zai ratsa sararin sama ya zarce kan rufin gida. Matso da ido, za ka ga ɗige-ɗigen inji.

Wanda ya ce maka nasa na asali ne, har da takardar shaida, kama gabanka. A 2019 dala miliyan 110.7 aka sayi zanen tarin dami na Monet. Wasu kuma sukan ƙara kuɗi wai na lasisi, alhali Sisley ya rasu a 1899, Monet a 1926, haƙƙin mallakar zanensu ya daɗe da ƙarewa. Kada ka tura ko sisi sai mai kaya ya ɗauko maka bidiyon zanen a hasken rana, gaba da baya.