Motar tasha ko ta bakin titi: sharhi kan hanyar Ringim zuwa Kano

Mai zuwa Kano daga ƙauyukan Ringim da Taura yana da zaɓi biyu: ya shiga tasha ya jira mota ta cika, ko ya tsaya bakin kwalta ya ɗaga wa mai wucewa hannu. Na hau duka biyun a hanyar da ta bi ta Zakirai da Gezawa da Jogana ta faɗa Yankaba, kuma a ganina ta tasha ta fi, duk da tsadarta.

Tsadar tana da dalili. Direban tasha yana bin layi, sai an zo kansa zai yi lodi. Kafin ya tayar, zai biya kuɗin ƙungiya, ya sallami ɗan kamasho, sannan ya lissafa man zuwa da na dawowa, don ba lallai ya samu fasinja a komowa ba. Duk wannan a kan kujerarka yake sauka. Na bakin titi ya tsallake layi da kamasho, shi ya sa yake rage maka 'yan ɗaruruwa. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, 'yan ɗaruruwan nan suka zama abin dubawa, har wasu direbobin tashar ma suka koma tsintar fasinja a hanya.

Babban aibin tasha shi ne jira. Da sassafe mota takan cika nan da nan, haka ma ranar Lahadi saboda kasuwar Gujungu. Amma rana na yin tsaka sai ka zauna kana gumi ana kiran "saura mutum ɗaya". Wani lokacin waɗanda ka tarar a ciki ba matafiya ba ne, zaunar da su aka yi don a ja hankalinka. Dubi ƙafafunsu da but: in babu jaka babu buhu, da sauran zama. In kuna sauri, ku haɗa kuɗin kujerar da ta rage.

Lodi kuwa duk kanwar ja ce. Golf da aka ƙera don mutum 5 har da direba, a nan 2 ne a gaba, 4 a baya, ga buhun gero ko akuya a but an ɗaure murfin da igiya. Nauyin nan shi ke kashe shokozoba, ya sa bayan mota ya zauna, tayar baya ta riƙa gogar jiki a duk rami. Mafi muni shi ne taya. Yawanci 'yar Beljiyam ce, ta tsufa tun kafin ta iso. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya, ga lodi, ga zafin kwalta a watan Afrilu, ita ce ke fashewa ana tsaka da gudu. A tasha kana da sukunin zagaya motar ka duba, ka ce ka fasa. A bakin titi direba na danna hon, ƙafarka ɗaya a ciki ya ja.

Inda tasha ta yi zarra shi ne an san direba. Ka manta kaya, ka koma wurin shugabannin ƙungiya ka faɗi kalar mota da lokacin da ta tashi, za a nemo shi. Mota ta lalace a Gezawa, akwai wanda za a kira, sau da yawa a juye ku a wata ba tare da sabon biya ba. Na bakin titi in fanbel ya tsinke ko lagireto ta tafasa, sai dai ku yi ta ja-in-ja kan canji. Wani ma yakan sauke ka a Jogana ya ce nan ya tsaya.

Masu cewa a sakar wa kowa mara ya yi haya yadda ya ga dama suna da hujja, domin ƙungiya mai ƙarfi tana iya tsayar da gari cak. An gani a Janairun 2022, da 'yan Adaidaita Sahu suka tafi yajin aiki kan kuɗin sabunta rajistar KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano. Motocin ƙauye sun iso Yankaba lafiya, amma daga nan sai sayyada, ga acaɓa an hana ɗaukar fasinja a cikin birni tun 2013. Mai zuwa asibiti da mai kai kaya Sabon Gari su suka fi jin jiki. Saboda haka in an ji ƙishin-ƙishin ɗin yajin aiki, a daidaita da direba tun daga gida ya shiga da ku har cikin gari, a yanke kuɗin shatar kafin a tashi.

Mai kaya, da mace mai goyo, da mai rakiyar mara lafiya, su bi tasha, su kuma fito kafin ƙarfe bakwai. Motar bakin titi ta ɗan gajeren zango ce, kamar Zakirai zuwa Gezawa, da rana, hannu rabbana.