Gajeriyar kujera mai taya a ajin naziri: amfaninta da inda ta gaza

Kujerar da ake ƙera wa yaro ɗan shekara 3 zuwa 5, tsayin mazauninta yana tsakanin santimita 26 da 31 ne, alhali ta babban mutum tana kai kimanin 45. Saboda haka malamar ajin naziri ko dai ta cusa kanta a kujerar yaro, gwiwoyinta sun fi ƙugunta bisa, ko kuma ta yini a sunkuye kan tebur tana riƙe da hannun mai koyon rubutu. Ganin yadda ciwon ƙugu da na wuya ya sa man zafi ba ya rabuwa da jakar malamai, makarantarmu ta sayo gajerun kujeru masu taya da majingina, irin waɗanda ake amfani da su a makarantun renon yara na Jamus, daga wajen masu kayan ofis na gwanjo.

Kujerar ta biya buƙata a bakin tebur. Ana sauke ta har idon malama ya zo daidai da na yaro, majinginar kuma tana tokare ƙasan baya, wurin da ciwon ya fi kamawa. Maimakon ta miƙe ta sake sunkuyawa duk lokacin da aka ce "Anti, zo ki gani", sai ta tura da ƙafa ta isa wurin yaron, bayanta a miƙe. Malaman da suka fi kuka da wuya da kafaɗa su ne suka fara yaba ta.

Sai dai an yi tayoyin ne don daɓe mai santsi. A ajin da ke da tayil suna tafiya sumul, amma a kan simintin da ya farfashe sukan maƙale, yashi da zaren tabarma kuma suna cika su har sai an sa tsinke an ƙwaƙule. Yara ma, da zarar malama ta juya baya, sun mayar da kujerar mota.

Ba ta kuma rage komai daga wahalar ɗaukar yaro mai nauyin kilo 14 da ke kuka ba, ko tsugunnon da ake yi wajen kama ruwa da ɗaura takalmi. Makarantar da ajinta ke da tayil ba za ta yi asarar kuɗinta ba. Wadda daɓenta ya lalace kuwa gara ta sa kafinta ya ƙera mata gajeriyar kujera mai faɗin mazaunin babba da majingina, ba tare da taya ba.