Kafin ka sayi AC a Accra, tambayi yadda na ciki da na waje suke magana

Ƙanena da ke zaune a Kolombas ta jihar Ohayo ya kira ni wata ranar Janairu, muryarsa na rawa don sanyi. Tanderun da ke ɗumama musu gida ya ƙi tashi, ɗan akwatin bango da ke ba shi umarni, wanda suke kira tamostat, ya mutu fuska baƙi ƙirin. Ya ce, "Yaya, har na fara tambayar kuɗin sabo." Da mai gyara ya zo, bai yi minti biyar ba. Ashe ƙanen nawa ya canza matatar iska da safe, bai mayar da murfin tanderun daidai ba, akwai kuwa wani ɗan makunni a bakin murfin da ke yanke wuta muddin ba a rufe shi ruf ba. Tanderu lafiyarsa lau, tamostat ma haka. Hanyar da ke tsakaninsu ce ta yanke.

A can, tsohon tsari wayoyi ne sirara masu ɗaukar bolt 24, kowacce da harafinta: R ce ke kawo wuta, W ta kira zafi, Y ta kira sanyi, G ta kunna fanka, C ta rufe zagayen. Kusan kowane tamostat zai hau kan kowane tanderu, abin da ya fi lalacewa kuma ɗan fiyus ne mai amf 3 ko 5. Sabon tsari, irin su Infinity na Carrier da iComfort na Lennox, saƙonni suke aika wa juna da yaren kamfaninsu, ba ka samun cikakken aikinsu sai da tamostat ɗin gidansu.

Mu nan Nima da Mamobi ba mu da abin yi da tanderu, ko a tsakiyar hunturu bargo ɗaya ya wadatar. Amma wanda zai sayi eyakwandishan wannan zaɓin ne a gabansa ba tare da ya sani ba, domin AC mai raba biyu shi ma abu biyu ne da dole su ji maganar juna: na ciki da ke manne a bango, da na waje mai kwamfireso, wato injin da ke samar da sanyin. Shi ma iri biyu ne: mara inbata mai tsohon tsari, da mai inbata mai sabon tsari.

Mara inbata shi ne mai sauƙin kai. A bakin inda na ciki ke zuƙar iska akwai ɗan ma'aunin zafi. Ɗaki ya yi zafi, na ciki ya sakar wa na waje wuta, kwamfireso ya tashi da dukkan ƙarfinsa. Ɗaki ya yi sanyi, ya ɗauke. Iyakar hirarsu ke nan, kunna da kashe. Yana shan wuta, duk mai mita ta firifed zai gani da idonsa, kuma in wuta ta yi ƙasa sai ka ji kwamfireson yana gurnani ya kasa tashi. Sai dai ciwonsa sananne ne. Galibi kafasita ce, ɗan abin da ke taimaka wa kwamfireso tashi, ana samunta a Zongo Lane, yaron shago ma zai canza maka.

Mai inbata kuwa na waje ma yana da allon lantarki nasa. Kwamfireson ba ya tsayawa ya sake tashi, gudu yake ragewa yana ƙarawa gwargwadon abin da na ciki ya faɗa masa, kuma suna aika wa juna bayani ba ƙaƙƙautawa ta waya ɗaya tak da ke cikin kebul ɗin da ya haɗa su. Da zarar ɗaya ya daina jin ɗan'uwansa, komai ya tsaya, wata lamba ta fito a fuskar na ciki. A Daikin U4 ce, a LG CH05, a Samsung E101, a Panasonic H11, a Gree E6. Kada ka ɗauki lambar wani kamfani ka fassara ta wani da ita. Littafin da ya zo cikin kwali shi ne alƙali, don haka kada a ba yara su yi jirgin takarda da shi.

Nawa mai inbata ne, kuma ya taɓa nuna mini irin wannan lamba a tsakiyar zafin watan Maris. Mai gyara na farko bai ko buɗe jakarsa ba, ya dubi lambar ya ce allon waje ya ƙone, ya faɗi kuɗin da ya sa na koma kan fanka har mako biyu. Na biyu dattijo ne, maƙwabcina ya haɗa ni da shi bayan sallar la'asar. Ya kashe wuta, ya bi kebul ɗin da hannu tun daga ɗaki har inda ya fita ta bango, sai ya tsaya.

"Malam, wa ya ɗaura maka wannan?"

"Yaran da shagon suka turo ne, Baba."

Ya ɓare wani dunƙulen baƙin salatif a bayan bututu. Kebul ɗin bai kai ba, sai suka ƙara masa wani guntu suka murɗa da hannu. Ruwan damina biyu ya shige, jan ƙarfen ya koma kore, yana taɓa siririyar wayar sai ta gutsure a yatsansa. Ya ce, "Ga allon naka da ya ƙone." Ya ja sabon kebul guda ɗaya ba gami, AC ya tashi, har yau yana aiki.

Ba na cewa allo ba ya ƙonewa. Yana ƙonewa, kuma a nan garin abubuwan da ke cin sa sun fi ɗaya. Akwai wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, abin da shekarun dumsor, na yawan ɗauke wuta, suka koya mana da firij da talabijin. Akwai tsawa. Akwai tsaka da ƙadangare, masu son ɗumin akwatin waje, su kwanta a kan allo su haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Wanda ke zaune kusa da teku, wajen Jamestown ko Chorkor, ga iskar gishiri a kai. Allon mai inbata kuma ba ya karɓar aro: sai na irin wannan samfurin, in wakilin kamfani ba shi da shi a ajiye, sai jira. Saboda haka tambayar da na fi so mai saye ya yi a shago ita ce: in allon waje ya mutu bayan garanti ya ƙare, a ina zan samu? Ka duba kuma garantin da kyau. Shekarun nan masu yawa da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali sau da yawa na kwamfireso ne kaɗai, allo yana cikin gajeren wa'adi.

Na hannu, waɗanda ake shigowa da su daga waje, ba zan daɗe a kansu ba. Dokar L.I. 1932 ta shekarar 2008 ta hana shigo da tsofaffin AC da firij, ko da yake ba su ɓace daga kasuwa ba. Arha ce ke jan mutane, amma arha ba ta ado. Wasu an ƙera su ne don wutar Japan mai bolt 100, tamu kuwa 230 ce. Mafi muni, a haɗa maka na ciki na wani samfuri da na waje na wani. In marasa inbata ne wataƙila su yi aiki, masu inbata kuwa kamar ka zaunar da Bahaushe da Basine ne ba tafinta.

To wanne za a ɗauka? Ɗakin kwana da ake rufewa, AC na aiki tun bayan isha'i har asuba, mai inbata ne ya dace, domin a irin wannan doguwar tafiya ce yake rage gudu ya rage cin wuta. Shagon ɗinki ko na aski da ƙofa ba ta minti biyu a rufe, ɗakin ba zai taɓa yin sanyin da zai sa ya lafa ba, ka biya kuɗin wayo ke nan ba ka ci moriyarsa ba. A nan ni mara inbata zan saya, haka ma ga ɗakin baƙi da ake kunnawa jefi-jefi. Kowanne ka zaɓa, duba takardar rawaya ta Hukumar Makamashi mai taurari, yawan taurari ƙarancin cin wuta. Girma kuma ya dace da ɗaki: doki 1 kusan BTU 9,000 ne (BTU ma'aunin ƙarfin sanyayawa ne), doki 1.5 kusan 12,000, doki 2 kusan 18,000.

In ka tsaya kan mai inbata, lissafinka bai cika ba sai ka sa na'urar kariya, wadda masu lantarki ke kira AVS. Tana yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa fiye da kima, kuma in an dawo da ita tana ɗan jinkirtawa kafin ta saki. Ranar ɗaurawa ka kasance a gida. Ka ce kebul guda kake so ba gami, a haɗa wayar ƙasa, lambar da ke kan kowane noti a ciki ta yi daidai da ta waje, 1 ga 1, 2 ga 2, 3 ga 3. Musanya biyu kaɗai ta isa ta fito da lambar matsalar tun ranar farko.

Wani lokacin ma maganar ba ta kai can ba, tsakanin rimot da na ciki ne. Ka saita kan rimot ɗin ga kyamarar wayarka ka danna: a yawancin wayoyi za ka ga ɗan haske na ƙiftawa in yana da rai. Babu haske, canza batir, ka goge tsatsar da ke kan sifirin. Rimot na kowa-da-kowa zai kunna ya kashe ya saita sanyi, amma wasu ayyukan ba zai taɓa su ba. In kuwa lamba ce ta fito, kashe wutar AC ɗin daga bango, jira minti biyar, ka mayar. Ta tafi ba ta dawo ba, wuta ce ta gigita shi. Ta dawo, ɗauki hotonta ka kira mai gyara, kada ka buɗe akwatin waje da kanka, domin kafasitocin cikinsa suna riƙe wuta ko bayan an kashe. In ya iso, ka ce ya fara bin kebul ɗin da hannu kafin ku yi maganar allo.