Hoton MRI na jijiyar gani: yadda muka gani a Sakkwato

Idan likitan ido ya ce a yi wa yaronka hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu, saboda jijiyar gani, shawarata ka yi, ko da kuɗin zai taɓa maka aljihu. Ni ya taɓa nawa sosai.

Ɗiyata tana da shekara 2 muka lura idonta na hagu yana harara-garke, kuma in an rufe na dama sai ta yi ta fizge-fizge. Likita ya ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido, ya haska ciki, ya ce bakin jijiyar ganinta ƙarami ne, tun a ciki ba ta gama girma ba. Na ce to ai ya riga ya gano, hoton na mene ne? Ya ce shi bakin jijiyar kawai yake hangowa, sauranta ta shige can cikin kai. Kuma irin wannan matsala takan zo tare da tawaya a tsakiyar ƙwaƙwalwa, ko a fituwitari, wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran girma. Wannan bayanin ne ya sa na yarda.

Inna dai ba ta so ba. "Mi za a yi ma jinjira cikin wanga inji? Ku bar ta hakanan mana." Sai da na nuna mata cewa na'urar da maganaɗisu take aiki, babu irin hasken nan na hoton ƙashi, sannan ta sassauta.

Ranar hoton aka hana ta abinci na awa 6, don sai an ba ta maganin barci. Yaro ba ya iya kwanciya shiru na minti 40. Wannan yunwar ita ta fi ba mu wuya, uwarta na jijjiga ta, ita ma tana share hawaye. A ƙofa ma'aikaciya ta sa aka cire 'yan kunne da layar da ke wuyanta, sannan ta kawo auduga ta goge kwallin idonta tas. Ashe kwalli yakan ƙunshi ƙarfe, kuma yana ɓata hoton daidai wurin da ake son gani. Wannan ma'aikaciya ta burge ni, ta san aikinta. Ɗakin da sanyi ƙarara, ku riƙo bargo ko da ana tsakiyar bazara. Ƙarar na'urar kuwa kamar injin niƙa, har daga waje ana jin ta, shi ya sa suka toshe mata kunne.

Inda suka gaza shi ne bayani. Babu wanda ya gaya mana tun farko cewa kuɗin maganin barci daban yake, sai da muka iso. Sakamakon ma ya wuce ranar da suka ɗiba, kuma da ya fito, Turancin likitoci ne zalla, ba mai fassara maka ko layi ɗaya. Kada ka wahalar da kanka da binciken kalmomin a intanet, tsoro kawai za ka kwasa. Kai wa likitan da ya tura ka.

Hoton ya nuna jijiyar hagu ta fi ta dama siranta, ƙwaƙwalwa kuma lafiya lau, alhamdulillahi. Hoton bai ƙara mata gani ba, kuma likita bai ɓoye mana ba cewa babu maganin da ke tsiro da jijiyar. Ya rubuta mata tabarau don kare idon dama, tunda shi ne jarinta. Ya kuma tura mu wajen likitan yara a yi gwajin jini, domin hoto na iya fitowa lafiya amma sinadaran su gaza daga baya. Yanzu duk zuwa asibiti sai an auna tsayinta da nauyinta an rubuta a kati.