Gargaɗi ga masu faci: ana yawo da sholisho da aka surka da kananzir

Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa masu sana'ar faci da masu shagunan kayan babur da keke, saboda wani mutum da yake zagayawa a kan babur yana sayar da sholisho a gwangwanaye, a farashin da bai kai na kasuwa ba, yana cewa wai kai tsaye daga kamfani yake ɗaukowa. Ƙanena ya sayi gwangwani biyu a hannunsa, kuma kafin mako ya zagayo masu babura sun fara dawowa da tayoyinsu a sace, suna zarginsa da rashin iya aiki, alhali shekarunsa da yawa a sana'ar. Da muka bincika sai muka ga tsofaffin gwangwanaye ne aka tara, aka zuba musu ɗan sholisho na gaske, aka cika sauran da kananzir, sannan aka daddanne murfin.

Wanda bai san yadda ake haɗa sholisho ba zai ɗauka cewa surkin ƙarfinsa kawai yake ragewa, amma ɓarnar ta wuce haka. Asalin sholisho ɗanyar roba ce, wadda ake samu daga farin ruwan da ke tsattsafowa idan an tsaga bawon bishiyar roba, bishiyar da tushenta yake dazukan Amazon na Barazil, ake kuma nomanta yanzu a Tailan da Indonesiya da Kwadebuwa, har ma da jihohin Edo da Delta da Kuros Riba. Ana narkar da robar a cikin wani sinadari mai saurin bin iska, kamar heksen ko heptan, wanda ba shi da wani aiki illa ya ɗauki robar ya shimfiɗa ta, sannan ya tashi ya bar ta. A sholishon faci ana ƙara wasu sinadarai da ke taimaka wa farar wuta ta ɗaure robar facin da robar cikin taya su zama abu guda. Wannan dabara ta ƙarfafa roba da farar wuta Charles Goodyear ne ya gano ta a Amurka a 1839.

Shi ya sa mai faci yake kankare wurin hujin da samfefa, ya shafa sholisho shafi marar kauri, ya jira 'yan mintuna har ya sha iska ya daina sheƙi, sannan ya ɗora facin ya danne shi sosai. Jiran nan shi ne rabin aikin. Kananzir kuwa ba ya tashi da wuri, kuma yana barin maiƙo a tsakanin robobin biyu, don haka facin zai kama a ido lokacin da ake tsoma shi a ruwa, amma da zarar taya ta ɗauki zafin kwalta da nauyin kaya sai gefensa ya ɗago. A ganina wanda ya sayar da irin wannan ya wuce maha'inci kawai, domin tayar gaba da ta sace babur yana gudu tana iya kashe mutum.

Gwada shi ba wuya. A ɗiga kaɗan a kan gilashi ko ƙarfe mai tsabta, a shafe shi, a jira. Na gaske zai bushe ya bar siririyar fatar roba da yatsa zai iya nannaɗewa ta fita, surkakke kuwa zai daɗe yana santsi. Idan aka ɗiga a farar takarda, kananzir yana barin tabon mai da ke yaɗuwa gefe. Kada a gwada da hanci, domin tururin sholisho yana illa ga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma kowa ya san abin da shaƙarsa ta yi wa matasa da yawa a unguwanninmu. Kada kuma a gwada kusa da wuta ko injin faci mai zafi, saboda yana kamawa nan take.

Mutumin yana kuma ɗauke da gam ɗin roba irin na manna takarda, wanda aka yi shi da gangan don a iya ɓare shi ba tare da takardar ta yage ba, yana cewa shi ma yana faci. Ba ya yi.

Duk wanda aka kawo masa gwangwani mai murfi a lanƙwashe, ko mai tsatsa a baki, ko wanda rubutunsa ya goge, ya ce a buɗe a gwada a gabansa kafin ya biya. Idan mai kayan ya ƙi, a sanar da shugabannin ƙungiyar masu faci ta yankin, su kuma su kai gwangwanin ofishin hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki.