Wace manhaja za ka ɗauka don kwaikwayon gwiwa bayan tiyata?

Ƙanena da ke digiri na biyu a nan Jos ya shigo min da takardar farashi, ransa a jagule. Bincikensa a kan kwaikwayon gwiwar da aka yi wa aiki ne a cikin kwamfuta, wadda jijiyar ACL, ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke riƙe gwiwa daga ciki, ta tsinke aka dasa wata, ko aka yanke wani ɓangare na meniskus, faifan guringuntsin nan da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. An ce masa sai da manhajar da ake biya da dala. Na ce, "Ƙanena, ajiye takardar tukuna. Me kake son sani game da gwiwar?"

Idan tafiyar majinyaci ce damuwarka, yadda yake ɗingishi, wace tsoka ke ɗaukar nauyi in zai hau bene, to OpenSim ce taka. Jami'ar Stanford ta Amurka ta fitar da ita a 2007, kyauta ce, ba ta kuma wahalar da kwamfuta. Sai dai gwiwar da take zuwa da ita a sauƙaƙe take, lanƙwasawa da miƙewa kawai, babu meniskus a ciki. Tana kuma buƙatar bayanan motsi. Manhajar OpenCap na iya ɗauko su da wayoyin iPhone biyu. AnyBody ta ƙasar Denmak irin aikin OpenSim take yi, amma da kuɗin lasisi.

Shi kuwa ƙanena cikin gaɓar yake son leƙawa. In aka rage meniskus, nauyin jiki na taruwa a ɗan ƙaramin wuri a kan guringuntsi, daga nan amosanin gaɓɓai ke samun ƙofa. Auna wannan sai manhajar da ke yayyanka gwiwa zuwa dubban ƙananan gutsattsari ta lissafa matsin kowanne. A nan FEBio nake so, kuma ba na ɓoyewa. Masu bincike a jami'o'in Utah da Columbia ne suka gina ta musamman saboda nama, jijiya da guringuntsi, ba a biyan ko sisi. Abaqus ta kamfanin Dassault na Faransa ta fi shahara a wajen injiniyoyi, amma bugunta na ɗalibai ya tsaya a ɗigo 1,000, wato mahaɗar gutsattsarin nan, abin da ba zai ishi gwiwa guda ba. Ta sata kuwa kada ka kusance ta. Ranar da mujalla ta tambayi lasisi, aikin shekara biyu ne zai tsaya cak.

Inda kuɗin zai tafi shi ne hoto da na'ura. Ka nemi hoton MRI a faifai, a tsarin DICOM da ake adana hotunan asibiti a kwamfuta, ba wanda aka wanke a fim ba, da izinin majinyaci da na kwamitin ɗa'a. Da 3D Slicer za ka zana ƙasusuwa da guringuntsi, ita ma kyauta. In hoton ya gagara, shirin Open Knee na Cleveland Clinic ya ajiye samfuran gwiwa na kwamfuta shiryayyu a intanet.

Kwamfuta kuma, ko a Ahmadu Bello Way za ka saya ko ka gangara Banex a Abuja, RAM, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aiki a ciki yayin lissafi, za ka fara tambaya kafin kyan fuska. A ganina 16 GB ce mafi ƙaranci, 32 GB ta fi kwanciyar hankali. Lissafi ɗaya kan kwana yana gudu, in aka ɗauke wuta da tsakar dare sai a koma farko. Shi ya sa ƙanena ya sayi tokumbo mai 32 GB, canjin da ya rage ya haɗa da ƙaramar inbata.