Porsche da Ferrari: inda kowanne ke ajiye ma'anar sunan motarsa

Ɗan'uwa, abu biyu ka tambaya. Ta yaya Ferrari 296 za ta zama sabuwa a kan 458 da 488 alhali lambarta ta fi ƙanƙanta? Kuma me ya sa Porsche ta shekara sittin tana sayar da mota mai suna 911, amma sai ka ga kuɗin wata 911 ya ninka na wata? Abin da ke rikita mutane shi ne kamfanonin biyu ba wuri ɗaya suke sa bayani ba. Ferrari a cikin lambar take sa shi. Porsche kuwa lambarta ba ta motsi, bayanin yana cikin kalmomin da ke biye da ita.

A 1947 Enzo Ferrari ya fitar da motar farko mai ɗauke da sunansa daga garin Maranello a arewacin Italiya, ya kira ta 125 S. Injinta mai silinda 12 ne (abin da kanikawanmu ke ƙirgawa da fulogi), girmansa lita ɗaya da rabi, wato cc 1,500. Raba wannan gida 12, sai ka samu 125. Ashe lambar girman silinda ɗaya ce. Da wannan lissafi 250 GTO ta 1962 injin lita 3 gare ta, 275 lita 3.3, 330 lita 4, 365 kuma lita 4.4. Duk wanda ya iya ninkawa da 12 ya san abin da ke cikin motar tun kafin a buɗe ta. Ni wannan tsari yana burge ni ƙwarai, don suna ne da injiniya ya raɗa, babu cika baki a cikinsa.

Da suka shiga yin ƙananan injina sai suka sauya doka. Dino 246, wadda aka sa wa sunan ɗan Enzo da ya rasu a 1956, lambobi biyu na farko girman injin ne, na ƙarshe yawan silinda: lita 2.4, silinda 6. Haka 308 ta 1975, lita 3 da silinda 8. Haka 328, haka 348. Sai F355 ta zo a 1994, biyar ɗin ƙarshe ba silinda ba ce, bawul biyar ne a kan kowace silinda. 360 Modena da F430 girman injin kawai suka faɗa, lita 3.6 da 4.3. 458 Italia ta 2009 ta koma tsarin Dino, lita 4.5 da silinda 8. 488 ta 2015 kuma ta tsallake ta koma tsarin 1947: cc 488 a kowace silinda, sau 8, lita 3.9. Ka lura da wannan wuri da kyau, domin lamba ta hau daga 458 zuwa 488 amma injin raguwa ya yi, sai dai an ƙara masa turbo, na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji.

To ga amsar tambayarka ta farko. 296 GTB ta 2021 tana nufin lita 2.9 da silinda 6, tare da injin lantarki mai taimakawa. Ƙarfin doki 570 ke ga 458, 670 ga 488, ita kuwa 296 tana da 830. Lambar Ferrari ba ta jera motoci bisa shekaru ko bisa ƙarfi, kwatancin inji ce, kuma ba kullum ba. 812 Superfast ta 2017 ƙarfin doki 800 da silinda 12 take nufi. F40 ta 1987 cikar kamfanin shekara 40 ce, ita ce kuma motar ƙarshe da Enzo ya sa wa hannu kafin rasuwarsa a 1988. SF90 ta 2019 shekara 90 ce da kafa ƙungiyar tserensu a 1929.

A Shtutgat ta Jamus kuwa, gidan Porsche, lambar ba ta taɓa zama kwatancin inji ba. 356 ta 1948 lambar aiki ce a kundin ofishin zane na iyalin Porsche. Magajiyarta an nuna ta a baje kolin Frankfurt a 1963 da suna 901. Sai Peugeot ta Faransa ta ce sunan mota mai lamba uku da sifili a tsakiya nata ne, abin da duk wanda ya taɓa shiga 404 ko 504 ko 505 a hanyoyinmu zai gane nan take. Porsche ta cire sifilin ta sa 1, aka samu 911 a 1964. Tun daga nan sunan bai sake motsi ba. Kamar sunan gida ne: kowa a gidan yana amsa shi, sai ka ji sunan yanka kafin ka san wanda ake nufi.

Saboda haka mai son gane 911 abu biyu zai nema. Na farko lambar zamani, wadda ba a rubuta ta a jikin motar amma masu saye da sayarwa da ita suke magana: 964 daga 1989, sai 993, ita ce ta ƙarshe da iska ke sanyaya injinta, sai 996 a 1997 wadda ta fara amfani da ruwa, sai 997 a 2004, sai 991 a 2011, sai 992 da aka nuna a ƙarshen 2018. E, 991 bayan 997 ta zo, don haka Jamusawan ma ba su tsira daga rikicin lamba ba.

Na biyu shi ne kalmomin baya, kuma nan ne kuɗi yake. Carrera ita ce ta tushe. Idan an ƙara S, ƙarfi ya ƙaru. Idan ka ga 4, tayoyi huɗu ke ja, Carrera da babu 4 kuwa na baya ne kaɗai. Cabriolet mai rufin yadi ce da ke naɗewa. Targa tana buɗewa daga sama amma tana da faffaɗan ƙarfe a bayan kan direba, an ƙirƙiro ta a tsakiyar shekarun 1960 saboda fargabar Amurka za ta hana motoci marasa rufi. GTS tana saman S. Turbo da Turbo S su ne manya a gudu da jin daɗi. GT3, wadda ta fara a 1999, ta ɗauki sunan wani rukuni na gasar tsere: injinta babu turbo, tayoyin baya ke ja, an rage mata nauyi. GT2 tana da turbo amma ita ma baya kaɗai ke ja. RS a ƙarshe na nufin an kai ta bakin iyakar abin da za a bari ya hau titi. Idan ka ci karo da "911 Targa 4 GTS", kowace gaɓa ta faɗa maka abu ɗaya: iyali, rufi, tayoyi, matakin ƙarfi. Kuma yawancin waɗannan haruffa ma'anarsu ɗaya ce a sauran motocin Porsche irin su Cayenne da Panamera da Macan. Ka koye su sau ɗaya ka gama.

A nan Ferrari ta bambanta sosai. Ita ma tana fitar da zazzafar ƙanwa ga motocinta da dama, amma kusan kowane zamani da sabon suna: 360 ta samu Challenge Stradale, F430 ta samu Scuderia, 458 Speciale, 488 Pista. Abu ɗaya ne da abin da Porsche ke kira GT3 ko RS shekara da shekaru, sai dai a Ferrari dole ka haddace su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai tarko ɗaya da nake so ka kiyaye. GTS tana gidajen biyu amma ba abu ɗaya take faɗa ba. A Porsche matakin ƙarfi da kayan aiki ne, S ɗin na Sport ne. A Ferrari S ɗin na Spider ne, wato mai buɗaɗɗen rufi, kishiyar GTB mai rufi a rufe. 296 GTS ba ta fi 296 GTB ƙarfi ba, rufinta ne kawai ke buɗewa.

Sunayen wurare ma kowa da inda ya dosa. Ferrari gida take yawan kallo: Modena garin haihuwar Enzo, Maranello inda masana'anta take, Fiorano filin gwajinsu, Portofino, Roma. Porsche kuwa inda ta je ta yi suna take tunawa. Carrera daga tseren Carrera Panamericana ne da aka yi a titunan Meziko tsakanin 1950 da 1954, Targa daga Targa Florio ta tsibirin Sisili, wadda Porsche ta ci sau 11. Shahararriyar Daytona ta 1968 kuwa ba Ferrari ce ta raɗa mata ba. Sunanta na takarda 365 GTB/4, 'yan jarida ne suka laƙaba mata wancan bayan Ferrari ta kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a tseren awa 24 na Daytona ta Amurka a 1967.

Idan ra'ayina kake so, tsarin Porsche ya fi amfani ga mai saye, na Ferrari ya fi daɗi ga mai son inji. Amma akwai inda Porsche ta ɓata mini rai. Turbo sunan na'ura ce ta zahiri, wadda hayaƙin inji ke juyawa ta tura ƙarin iska ciki, kuma 911 Turbo ta 1975 ta ci sunanta da gaskiya, don ita kaɗai ke da ita a cikin 'yan'uwanta. Daga ƙarshen 2015 Carrera ta tushe ma ta samu turbo, amma ba a kiranta Turbo. A 2019 kuma suka fito da Taycan Turbo, motar lantarki zalla wadda ba ta da fistin, ba ta da hayaƙi, balle abin da hayaƙin zai juya. Kamfanin ya ce kalmar yanzu matsayi take nunawa. Na ji hujjar, amma ban karɓa ba, domin yaro mai koyon kanikanci da ya karanta wannan suna zai ɗauki abin da ba haka ba. Ferrari duk da tsalle-tsallenta tsakanin dokoki, in lambarta ta ce silinda 6, ka buɗe za ka ƙirga 6.

Don haka idan aka turo maka hoton Ferrari, fara tambayar shekararta, daga nan za ka san da wane lissafi za a karanta lambar. Idan 911 ce, nemi cikakken abin da ke rubuce a bayanta da lambar zamaninta, domin 996 Carrera da 992 GT3 RS duka 911 ake kiransu, amma tsakaninsu akwai shekara fiye da ashirin da ƙarfin doki sama da ɗari biyu.